Ranar da Asibiti Ya Ce Ya Cika

Tun daga kwanar titi Sufeto ta fara jiyo hayaniya. Masu walda ne suka rufe shagunansu da hantsin Litinin, suka zo suka cika ƙofar asibitin unguwa, wasu da baƙin gilashi a goshi, hannuwansu duk tabon ƙuna. Matan layi sun biyo bayansu da goyo. Masu gadi biyu sun ja ƙyauren ƙarfe sun danne shi da kafaɗa, gumi na ɗiga daga haɓarsu.

"A fito mana da ita!" wani ƙato yake faɗa yana dukan ƙyauren. "Mai kwamfutar nan! Ita ta ce babu gado!"

Sufeto ba ta ɗaga murya ba. Gajeriyar mace ce mai faɗin kafaɗa, ta haura hamsin, kuma in tana tafiya ba ta cika kallon fuskar mutane ba, ƙasa take kallo. Shi ya sa a ofishin 'yan sanda ake ce mata Duba-Ƙasa, a bayan idonta dai. Ɓarayin babura da masu fasa shago sun san abin da kallon nan ke jawo musu. Ta ratsa taron a hankali har ta iso gaban wata mata da ke zaune a bakin kwata, mayafinta a hannu, idanunta sun kumbura.

"Ke ce matarsa?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Ba ni labari tun daga farko."

Matar ta share hanci. Mijinta mai walda ne, Tartsatsi ake kiransa saboda saurin bakinsa. Ranar Asabar da la'asar yana haɗa ƙofar wani gida, hayaƙi ya shaƙe shi, ya faɗi, numfashi ya ƙi fita. Motar ɗaukar marasa lafiya ta zo da wuri, ba ta da laifi. Daga bakin shagonsa ana hango rufin wannan asibitin. Amma allon da ke gaban direba ya nuna ja, wato asibitin ya cika, a wuce babban asibitin ƙetaren gada. A kan gadar cunkoso ya riƙe su. Kafin su isa, mutumin ya daina motsi. Yana can har yanzu da rai, amma bai buɗe ido ba.

"Na haƙura, na ce haka Allah ya so," in ji matar. "Sai yau da safe maƙwabciyata mai shara a nan ta shigo min. Ta ce ɗakin sama gadaje shida ne reras, ko alamar an kwanta babu. Ranki ya daɗe, shida! Ɗaya kawai muke nema."

Taron ya sake ɗaukar ihu. Sufeto ta juya ga ƙaton da ke dukan ƙyaure.

"Kai, in ka karya ƙofar nan kai za a kira ka gyara ta, kuma kyauta. Ku ba ni zuwa la'asar."

Wasu suka yi dariya ba su shirya ba. Masu gadi suka ɗan sassauta ƙyauren, ta shige.

*

Wadda ake nema tana cikin wani ƙaramin ɗaki a bayan wurin karɓar magani, ɗakin da na'urar sanyi ke kuka kamar tsohuwar akuya. Injiniya ake ce mata. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, siririya, ta ɗaure kai da ɗankwali a karkace. Wayarta na ta ruri a kan tebur, 'yarta ce ke kira daga makaranta, ta kasa ɗauka.

"Shugaban asibiti ya ce in tattara kayana kafin a tashi," ta ce. "Za su kashe tsarin, a koma kiran waya."

"Ki yi min bayani yadda za ki yi wa kakarki," in ji Sufeto, ta ja kujera.

Injiniya ta ja numfashi. Da can, in ji ta, idan direba ya ɗauko mara lafiya, sai ma'aikatan cibiyar motoci su yi ta kiran asibitoci ɗaya bayan ɗaya suna tambayar gado. Wani lokaci babu mai ɗauka. Wani lokaci a ce akwai, a zo a tarar babu. Ƙanwarta a cikin mota ta haihu, a ƙofar asibiti na uku. Shi ne ta haɗa wannan tsarin. A ƙarƙashin kowace katifa akwai wani siririn sikeli. In an kwanta, ya gaya wa kwamfutar asibiti. Ita kuma kwamfutar asibiti tana da wata 'yar taga ta intanet, kwamfutar cibiya na leƙowa ta nan koyaushe tana tambaya: gado nawa ya rage, ɗakin tiyata a buɗe yake, akwai wuta? Ta samu amsa ta aika wa direbobi. Babu bakin mutum a tsakani.

"To ranar Asabar tagar taki me ta faɗa?"

"Ta ce ƙasa ya cika, wannan gaskiya ne. Ta ce sama ma ya cika."

"Wannan kuma ƙarya."

"Sikelin ya ji nauyi, ranki ya daɗe. Na duba na sake dubawa. Babu wanda ya kutso daga waje."

"Daga ciki fa? Ke za ki iya sauya amsar kina kwance a ɗakinki?"

"Zan iya," in ji Injiniya.

Sufeto ta ji daɗin wannan amsar fiye da duk sauran, amma ba ta nuna ba. Ta tambayi wa ke da makullin ɗakin sama. Mutum uku: Sista babba ta sashen gaggawa, Likitan tiyata, sai Kawu mai sito.

*

Sista babba tana tsaye kan wata ƙaramar nas da ke ɗaure wa yaro rauni, ba ta ko zauna ba.

"Ɗakin sama na haɗaka ne," ta ce. "Mu da 'yan tiyata. Wanda ya rasa wuri ya hau da nasa. Ran Asabar ba na nan, ina bikin ɗan yayata. Yarana sun duba allo suka ga sama ja, suka ɗauka 'yan tiyata ne suka zuba mutanensu. Ai sun saba yi mana haka, ba sallama ba komai."

"Babu wadda ta hau ta leƙa?"

"Da wace ƙafar? Mutum biyu a kan ɗaki cike?" Ta sassauta murya. "In kina son gaskiya, ki tambayi Likita wane ne mai ƙaramin asibitin kuɗi da ke gindin gada ta can ɓangaren. Surukinsa ne. Duk wanda aka kora daga nan, rabi can suke ƙarewa."

Sufeto ta tafi da wannan a ranta tana jujjuya shi. Ya zauna daidai, har ya so ya yi yawa. Ta samu Likitan tiyata yana wanke hannu har gwiwa, dogon mutum mai furfura a gefen kai. Da ta ambaci surukin sai ya yi wata gajeriyar dariya.

"Surukin nawa da ba ma ko gaisawa tun da ya ce 'yarsa ta auri ma'aikacin gwamnati? Madalla. Ran Asabar tun hantsi ina kan wani da mota ta take, ban fito ba sai da rana ta faɗi. Mutum biyar ne a kaina, tambaye su. Na ga sama ja a allo, na ce Sista ce ta cika shi kamar kullum."

"Kamar kullum?"

"Kusan duk ƙarshen mako haka yake, tun bayan damina."

Sufeto ta tambayi mutum biyar ɗin, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da sun haɗu ba. Bakinsu ya zo ɗaya. Makullin Likita kuwa yana maƙale a aljihun wata riga da ya manta a gidan wanki tun watan jiya. Hanyar ta toshe. Amma ta fito da abu guda: ba Asabar ɗaya ba ce. Kowane ɓangare yana ganin ɗakin a cike yana zargin ɗan'uwansa, kuma babu wanda ya taɓa hawa bene ya murɗa ƙofa.

*

Sito yana can ƙarshen ginin, kusa da ƙofar baya. Kawu ya tarbe ta da fara'a kamar ya ga 'yar cikinsa. Babban mutum ne mai ƙirji kamar ƙyaure, a dako ya fara kafin ya samu aikin asibiti, kuma babu nas ɗin da bai taɓa ba wa alewa ko ya raka ta bakin titi ba. Kowa Kawu yake ce masa, har Shugaba.

"Zauna, 'yata, zauna. Ga shayi bai huce ba. Wallahi tun da na ji labarin yaron nan abinci ya ƙi shiga." Ya girgiza kai. "Ni dai tun farko na faɗa, ran mutum ba a barin shi a hannun na'ura. Yarinyar kirki ce Injiniya, ban ce ta yi da gangan ba. Amma ƙarfe ƙarfe ne."

"Me ke kai ka ɗakin sama, Kawu?"

"Tukwanen iskar shaƙa. Kowane gado da tasa a gefen kai. Ni ke duba su. Zo mu je ki gani da idonki."

Suka hau ta lif ɗin kaya. Ya buɗe ɗakin. Gadaje shida, zannuwa farare a shimfiɗe, taga a rufe, a gefen kowane gado akwai doguwar koriyar tukunyar ƙarfe a tsaye kusa da matashi, tsawonta ya kai ƙirjin mutum. Kawu ya murɗa kan ɗaya, iska ta yi tsaki da ƙarfi.

"Kin ji? Taf. Da sassafe motar kamfani ta zo aka sauya. Duk Litinin suke zuwa. In da an kawo shi nan, da yanzu yana gida yana zagin yaran shago."

"Allah ya saka, Kawu. Bar min makullin, zan ɗan zauna."

Ya miƙa mata ba musu, ya sauka yana addu'a.

*

Da ƙarar lif ta ɓace, Sufeto ta cire takalmanta ta ajiye a bakin ƙofa. Ta buɗe labule, hasken rana ya kwanta a kan daɓen roba mai sheƙi. Mai shara ta goge shi da safe, amma tsumma ƙura yake ɗauka, ba ya ɗaukar abin da ya ci roba. Ta durƙusa, gwiwarta ta yi ƙara, ta kwantar da kunci kusa da ƙasa.

Ga shi nan. Wani siririn baƙin zane, na ƙafar amalanke wadda ta cije ba ta juyawa, sai dai a ja ta. Ya shigo daga ƙofa. Hakan ba abin mamaki ba ne, da amalanke ake kawo tukwane. Sai dai zanen bai tsaya a gefen kai ba, inda tukwanen ke tsayawa. A kowane gado ya karkata ya je daidai tsakiya, ya manne da ƙarfen gadon, ya yi ɗan da'ira, ya koma. Kuma ba sau ɗaya ba. Zane a kan zane, tsoho a ƙarƙashin sabo.

Me mutum zai kai tsakiyar gado da amalanke?

Ta miƙe ta yaye zanin gado na farko. Katifar mai rufin roba ce. Ta shafa ta da tafin hannu, ta ji wani dogon kwari a tsakiya, miƙaƙƙe sak, ba irin lotsawar da kafaɗa da ƙugu ke bari ba. A cikin ɗinkin gefen katifar wani abu ya maƙale mata a farce. Ta ɗaga shi ga haske. Ɓawon koren fenti ne, bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Ta juya ta kalli tukunyar da ke tsaye kusa da ita, ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa takalmanta ta sauka da sauri har tana haki.

Injiniya ta riga ta fara zuba littattafanta a kwali.

"Ajiye wannan. Sikelin naki, cewa kawai yake akwai nauyi, ko yana faɗin nawa?"

"Yana faɗa. Tagar dai ba ta aika shi, cike ko babu kawai take aikawa."

"Nuna min wani na ƙasa, ran Asabar."

Injiniya ta danna. Wani layi ya fito a allo, yana hawa yana sauka kamar sawun maciji a yashi. Ta ce nan mutumin ya juya, nan ya tashi zaune, nan wani ya zauna masa a gefe.

"Yanzu na sama."

Layuka shida suka fito, miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, tun yammacin Juma'a har safiyar Litinin. Injiniya ta matso da fuskarta. Ta duba lambar da ke gefen kowanne. Ta dafe baki.

"Duk nauyinsu ɗaya," ta ce a hankali. "Kilo hamsin da 'yan kai, su shida. Kuma babu wanda ya ko yi tari."

"Ko 'yan shida aka haifa, wani zai fi wani cin abinci," in ji Sufeto. "Kada ki gaya wa kowa. Ki ɗauki wayar 'yarki, ki ce mata kina nan lafiya."

*

Zanen bai ƙare a ɗakin sama ba. Sufeto ta same shi a cikin lif, ta same shi a barandar baya, ya wuce ƙofar sito bai shiga ba, ya nufi ƙaramar ƙofar da ake fitar da shara. A wajen katanga jar ƙasa ce, nan ya zama rami siriri, ƙafa uku na birgima ɗaya na huɗa. Ta lura sawun fita ya fi na dawowa nutsewa. Ta bi shi tana sunkuye, ta bayan masu wankin mota, ta gefen wani kango, mutane na kauce mata suna kallon juna. A wani wuri tayoyin babura sun tattake shi, ta yi ta kewaye har ta sake kama shi a gindin wata bishiya. Ya kai ta bayan layin masu walda.

Shagon Tartsatsi a buɗe yake rabi. Matarsa ta gaji da tsayuwa a ƙofar asibiti, ta dawo ta zauna a kan benci tana kallon ƙofar da bai gama haɗawa ba. A lungun shagon akwai wata doguwar aba a tsaye, an naɗe ta da buhuna, tiyo ya fito daga kanta.

"Wannan fa?"

"Iskar da yake hura wutar yanka ƙarfe ce."

Sufeto ta zare buhu ɗaya. Tukunya ce koriya shar, ga tambarin asibiti a wuya.

"A ina yake samu?"

"Kawun asibiti ne ke kawo musu, duk ran Juma'a. Ya kawo cikakkiya ya tafi da wadda ta ƙare. Duk layin nan shi ke ba su, ta fi ta kasuwa sauƙi." Matar ta ga yadda fuskar Sufeto ta sauya, ta miƙe tsaye. "Ya ce musu wadda ta lalace ce, ba ta yi wa mutum amfani sai ƙarfe. Har baban yara ya tambaye shi, ya rantse masa. Ranki ya daɗe, me ya faru?"

"Je ki kira min ƙaton nan mai dukan ƙofa, da wasu biyu masu ƙarfi. Ku nemo min wadda ta ƙare a cikin shagunan nan, ku biyo ni da ita."

*

Da la'asar ta tara su a ɗakin sama. Shugaban asibiti ya tsaya jikin taga yana duba agogo. Sista da Likita sun tsaya nesa da juna kamar masu jiran hukunci. Injiniya ta ɗora kwamfutarta a kan teburin magani, gadaje shida na nuna kore a allo. Kawu ne ya shigo a ƙarshe yana goge hannu da tawul.

"Asibitin nan ya yi wa mutanen gari ƙarya," in ji Sufeto. "Sista ta ce Likita ne. Likita ya ce Sista ce. Mutanen waje sun ce Injiniya ce, Shugaba kuma ya yarda da su saboda ya fi sauƙi."

Shugaba ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Ni ma na so in yarda. Sai na ce bari in gaida majinyatan da suka kwana uku a nan tukuna. Ku shigo da shi."

Masu walda uku suka shigo ɗauke da koriyar tukunya, matar Tartsatsi na bayansu. Suka kwantar da ita a gado na farko. Ta faɗa cikin kwarin katifar daram, kamar don ita aka yi shi. A allo, gadon ya koma ja.

"Nawa?" in ji Sufeto.

Injiniya ta karanta lambar. "Shi ne. Daidai da na ran Asabar."

"Ga majinyacinku. Ba ya tari, ba ya juyi, ba ya kiran nas. Duk Juma'a ana fitar da cikakkun tukwanen ɗakin nan a sayar wa masu walda, a dawo da fanko. In aka hau da mara lafiya, aka murɗa, babu iska, asiri ya tonu. To sai a kwantar da fankon a gado, na'ura ta ce an cika, motoci su wuce, nas-nas su ƙi hawowa. Ran Litinin da sassafe a tashe su tsaye, motar kamfani ta sauya. In wani ya ce iska na saurin ƙarewa, a nuna masa allo, a ce ai ɗakin cike yake kwana."

Sista ce ta fara juyawa ta kalli Kawu, sannan Likita, sannan kowa.

Kawu ya yi murmushi, amma leɓensa na sama ya ƙi bin na ƙasa. "'Yata, makulli uku ne fa."

"Uku ne. Amalanke mai gurguwar ƙafa kuma ɗaya ce, tana sitonka. Na bi ta har inda take zuwa."

"Kawu," ƙaton mai walda ya ce, muryarsa ta yi ƙasa sosai, "ka ce mana ta lalace."

"Ni ban san ku ba."

"Ba ka san mu ba? Ran Juma'a a shagona ka sha ruwa!"

Matar Tartsatsi ta ratsa tsakaninsu ta tsaya a gabansa. Ba ta kai kafaɗarsa ba. Ba ta yi ihu ba.

"Kai ka riƙe min ɗa ran da aka yi masa allura a nan. Ka ba shi alewa. Ran Asabar kana ina lokacin da motar ta wuce ƙofarku da ubansa?"

Kawu ya kalli ƙofa, ya ga ɗan sandan da Sufeto ta kirawo a tsaye. Ya kalli Shugaba, Shugaba ya kau da kai. Sai ya zauna a bakin gado na biyu, gadon ya koma ja a allo, layinsa na karkarwa.

"Ban yi zaton wani zai..." ya fara, bai ƙarasa ba.

"Ɗauke shi," in ji Sufeto. "Ta ƙofar baya, ya san hanyar."

Da aka fita da shi, Shugaba ya gyara murya ya matso kusa da Injiniya. Ya ce maganar tattara kaya a bar ta, an yi gaggawa. Injiniya ba ta ko ɗago ba, yatsunta na gudu a kan madannai.

"Ba a bar ta ba, ranka ya daɗe, akwai gyara a wuyana. Daga yau gadon da bai motsa ba zai yi kuka a allon Sista da na cibiya. Tukwanen ma zan sa musu ma'auni, tagar ta riƙa faɗin iskar da ta rage. Kuma ina so a riƙa hawowa ana leƙawa da ido, ko allo ya ce me."

"Ni zan riƙa hawa," in ji Sista. Ta kalli Likita. "Maganar surukinka, ni na faɗa."

"Na sani. Ki faɗa masa ma, ko ya ji haushi."

Sufeto ce ta kama hannun Injiniya ta sauko da ita har ƙofar gaba. Taron na nan, ya ma ƙaru. Ƙaton mai walda ya riga su fita, ya hau kan wani bulo yana ba da labari da hannu da ƙafa. Da suka ga siririyar matar mai karkataccen ɗankwali, sai duk suka juyo suna kallon ta. Wani dattijo ya cire baƙin gilashinsa ya ce, "'Yar nan, mun ci mutuncinki ba ki ci namu ba. Ki yafe." Daga baya wata ta fara tafi, ya bazu har bakin titi, masu babura na danna oda ba su ma san dalili ba. Kafin magariba masu walda suka jero da tukwanen asibiti a kafaɗa, kowa da tasa, suka jingine su a ƙofar sito.

*

Tartsatsi ya buɗe ido ran Laraba. Abin da ya fara tambaya shi ne wa ya rufe masa shago. Da ya ɗan samu ƙarfi, likitocin ƙetaren gada suka ce a mayar da shi kusa da gida ya ƙarasa jinya. Direba ya duba allonsa ya ga kore, ya shigo da shi ta ƙofar gaba.

Sufeto ta zo ɗaukar bayaninsa, ta tarar ana kwantar da shi a ɗakin sama. Ya rame, muryarsa ta dushe, amma bakin na nan.

"Ranki ya daɗe, an ce iskata na saya na kai shago na ƙona?"

"Haka aka ce."

"Kai! Ni kuwa har ciniki na yi, na ce ta yi tsada."

Dariya ta sa shi tari. Nas ta ɗauko abin shaƙa za ta sa masa, ta kai hannu kan tukunya. Matarsa ta riga ta.

"Bari, 'yar'uwa. Ni zan buɗe."

Ta kama kan da hannu biyu ta murɗa. Iska ta fito da ƙara, mai sanyi, har ta kaɗa gefen mayafinta. Ta tsaya tana saurare kamar ba ta gaji da jin ta ba, sai da nas ta taɓa ta sannan ta saki. Aka ɗora masa a hanci. Ƙirjinsa ya tashi, ya sauka, ya sake tashi.

Ya ɗan ɗaga robar da yatsa ɗaya, ya kalli matarsa.

"Wannan ta fi ƙarfin ƙarfe," ya ce. "Ki gaya wa mai ƙofar nan ya ƙara haƙuri, ina zuwa."